Makon Biki a Yerwa: Dangi Ɗaya a Ƙasashe Huɗu

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Tun asuba hazo ya rufe gari, har hantsi ba a hango ƙarshen layinmu. Watan Rajab ne, iyaye na ta gaggawar aurar da 'ya'ya kafin azumi, kuma a wannan mako layi ya zo kan maƙwabcina, Babarbare ɗan asalin Yerwa, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Ranar Asabar za a ɗaura wa 'yarsa ta fari aure. Bayan la'asar ya kira ni zaure ya miƙo mini takarda.

"Malam, kai ne mai karɓar baƙi maza. Ga sunayensu, kai ka san inda za ka sauke kowa."

Kawunnan ango daga Kusuri ta ƙasar Kamaru za su taso, domin mahaifiyarsa 'yar can ce. Yayar mahaifinsa tana aure a Njamena, za ta zo da 'ya'yanta. Gwaggon amarya kuma daga Diffa ta Jamhuriyar Nijar. Biki ɗaya ya haɗa ƙasashe huɗu, kuma babu wanda ya ɗauki abin da mamaki a zauren. A nan haka aure yake. Njamena ta fi Kano kusa da Maiduguri nesa ba kusa ba.

Bayan isha'i muna majalisa a teburin mai shayi, rediyo ya kawo labarin Jamhuriyar Dominikan, wadda tun watan Oktoban bara ta ce za ta riƙa mayar da 'yan Haiti gida har mutum 10,000 kowane mako. Akwai wani dattijo a cikinmu, ɗan sanda mai ritaya, wanda ya yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Haiti. Ya ajiye kofinsa ya girgiza kai.

"Ku bar jin ana kora. Tsibiri ɗaya ne fa. A bakin iyakarsu mutane da yawa ba ka iya cewa ga ɗan nan ga ɗan can sai sun buɗe baki."

Gaskiya ya faɗa. Tsibirin Hisfaniyola ne a tekun Karibiyan. Sifaniyawa suka fara mamaye shi, daga baya Faransawa suka kama yammacinsa, kowa ya kawo bayi daga Afirka. Yamma ta zama Haiti a 1804, gabas ta zama Dominikan a 1844. Yamma na magana da Kiriyol da Faransanci, gabas na magana da Sifaniyanci. Na sha koya wa ɗalibai wannan taswira a aji, amma yau da na haɗa ta da takardar baƙin da ke aljihuna sai na ga labarin ya shafe mu. Zan rubuta abin da na gani a makon nan.

Talata, 21 ga Janairu

Na raka maƙwabcina Monday Market sayayyar biki. Kasuwar ta sha gobara a Fabrairun 2023, ta sha ambaliyar madatsar Alau a Satumban bara, har yanzu akwai alamar ruwa a jikin wasu katangu, amma ta cika ta batse.

Mun fara da layin masu turare. Wata dattijuwa Bashuwa tana zaune a tsakiyar kwalabe, gabanta tulin kajiji da hawi da itacen sandal da farce. Ta ɗebi garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta tura mana hayaƙin da gefen lafayarta don mu ji. Da maƙwabcina ya ce dangin ango daga Njamena za su zo, sai ta mayar da kwalbar humrar da ta fara ɗaukowa ta jawo wata daga ƙarƙashin tebur.

"Alhaji, in dai matan Njamena ne, wannan za ka kai. Sun san abin kamar yadda muka san shi, ba a yi musu ha'inci."

Lafaya, humra, dilka, halawa, lalle: kayan gyaran amarya ɗaya ne daga Yerwa har Abeshe. Tattasan da muka saya a buhu daga gonakin bakin Komadugu na Diffa ya fito. Bandar da muka biya muka ɗauka a Tashar Baga daga tafkin Chadi take, kuma babu mai iya rantsewa a ruwan wace ƙasa aka kama ta. Kusa da mu ɗan canji yana riƙe da sefa iri biyu, ta Nijar daban, ta Chadi da Kamaru daban, yana lissafi da baki.

A hanyar dawowa mai Keke Napep ya ɗauko zancen tsadar abinci. Yaro ne matashi, mai fara'a. Ya ce duk wannan tsada 'yan Chadi da 'yan Nijar ne suka jawo, su ke kwashe hatsi, su ke cika asibiti, gara a tattara su a mayar da su. Maƙwabcina ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi mutumin ina ne. Ya ce Gamborun Ngala.

"Ɗana, ranar da aka shiga Gamboru a 2014, ina iyayenka suka gudu?"

Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce Fotokol. Fotokol kuwa Kamaru ce, gada ɗaya ce tsakaninta da Gamboru. Ba mu ƙara cewa komai ba, shi ma haka. Ban ga mugunta a tare da shi ba. Abin da ya ji ana faɗa ya maimaita, kuma wannan ne ya fi damuna, domin maganar da ake maimaitawa ba tare da tunani ba ita ce ke zama gaskiya a kunnen jama'a.

Laraba, 22 ga Janairu

Na wuni a Tashar Muna ina jiran mutanen Kusuri da Njamena. Sai bayan la'asar motarsu ta iso, ƙura ta rufe su har gashin ido. Na Njamena sun ƙetare gadar Ngeli zuwa Kusuri, suka kwana, sannan duka suka biyo ta Fotokol, Gamboru, Dikwa, Mafa. Sun ce hanya da sauƙi yanzu, sai dai shingaye. A kowane shinge a sauko, a nuna kati, wani wurin kuma a nemi na goro. Mai katin waje ya fi biya.

Babban kawun ango tsoho ne dogo, da hula zanna da carbi mai manyan 'ya'ya. Ya gaisa da maƙwabcina da Barbarci, ya juya ya yi wa direba sallama da Larabcin Shuwa, ya gaishe ni da Hausa. Sai da ya zo karanta mini lambar wayarsa na ji Faransanci a bakinsa. A ɗakin baƙina na sauke shi.

Da dare muna shan shayi ya tambaye ni ko masakwa ta yi kyau bana a wajen Dikwa, don ya ga ana yanka a hanya. Shi ma manominta ne. Dawar rani ce da ake dasawa a baƙar ƙasar firki bayan ruwa ya janye, a girbe ta cikin sanyi. Yadda ake yinta a Ngala haka ake yinta a ƙetaren kogin El-Beid, lokaci ɗaya, da irin sanda ɗaya ta huda rami.

"Malam," in ji shi, "kakana bai taɓa barin Borno ba. Yana zaune a gidansa aka ce masa ya zama na Jamus, yana zaune aka ce ya zama na Faransa."

Tarihi yana bayansa. Rabe ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa. Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900, a yaƙin da kwamandansu Lamy shi ma ya mutu, aka sa wa sabon sansaninsu sunansa, Fort Lamy, wanda ya koma Njamena a 1973. Daga nan Ingila da Faransa da Jamus suka yanka daular kashi uku. Shehu Garbai ya bar Dikwa ya koma ɓangaren Ingilishi a 1902, ya kafa fadarsa a Yerwa a 1907. Dikwa ta zauna a hannun Jamus har Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da yaranmu da yawa ba su sani ba shi ne, ranar da Nijeriya ta sami 'yanci a 1960, Dikwa da Bama da Gwoza da Ngala ba su gama zama Nijeriya ba. Yankin amana ne na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 suka zaɓi Nijeriya, aka shigar da su ranar 1 ga Yuni. Da ƙuri'ar ta juya, da mai keken jiya yana cikin waɗanda yake son a kora.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ranar lalle. Gida ya koma hannun mata, mu maza muka tattara a rumfar ƙofar gida. Guɗa na tashi, hayaƙin turare na tsallako katanga. Maiɗakina ta ce matan Njamena da na Yerwa sun zauna suna zana wa juna lalle, babu wadda aka koya wa abin da za ta yi, kowa ta san lokacin da za ta miƙe da lokacin da za ta zauna.

Gwaggon amarya ta iso daga Diffa da azahar, ta hanyar Damasak da Gubio. Barbarcinta irin na Manga ne, 'yan matan gidan suna kwaikwayonta, ita ma tana kwaikwayon nasu. Ba a jima ba wani saurayi tela da ke haya a ƙarshen layinmu ya zo da sauri ya ce a yi masa iso. Da ta fito zaure ya cire takalmi ya durƙusa, ya kama gefen lafayarta, ya kasa magana. Ta dube shi da kyau, ta dafa kansa.

"Kai ne ka girma haka? Ina mahaifiyarka? Ƙafar tata ta warke?"

Mutumin Damasak ne. A Nuwamban 2014 da garin ya faɗi, mahaifiyarsa ta ƙetare Komadugu da su suna ƙanana, ba takalmi, ba guzuri. Wannan gwaggo ta gan su a bakin titi a Diffa, ta kai su gidanta, ta ba su ɗaki, suka zauna har ƙura ta lafa. Ba danginta ba ne, ba ta taɓa ganinsu ba. Haka akasarin mutanenmu suka zauna a Diffa, a gidajen jama'a, tun kafin sansanin Sayam Forage ya cika. Wasu suka tafi Minawao a Kamaru, mutanen Baga suka ƙetare tafki zuwa Baga Sola a Chadi. A 2015 kuma sojojin Chadi ne suka shiga Gamboru, su da na Nijar suka ƙwato Damasak. Ba a rasa ɓacin rai ba: akwai lokutan da hukumomin Kamaru suka tuso ƙeyar 'yan gudun hijirarmu ba da sonsu ba. Amma ƙofar talaka a buɗe take.

An fito mana da burabusko da miyar busasshiyar kuɓewa, da sinasir, da shinkafa. Baƙin suka ci kamar a gida, don abincin gidansu ne. Dattijon nan ɗan sanda ya nemi a kankaro masa ƙanzo, ya ce a Haiti ma rububinsa ake yi, haka maƙwabtansu. Ya lissafa mana: shinkafa da wake kullum a ɓangarorin biyu, soyayyar agada, gurasar rogo, faɗan zakaru, da gangunan da ake zagaya gari da su lokacin azumin Kirista, waɗanda ake kira rara a Haiti, gaga a Dominikan. Gurasar rogon nan ma a watan jiya hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya, da sunan ƙasashen biyu tare da wasu uku. Kasuwarsu ta garin Dahabon a bakin iyaka tana ci Litinin da Juma'a, dubban mutane na ƙetare kogi su yi ciniki su koma. Da girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti ranar 12 ga Janairu, 2010, 'yan Dominikan na cikin waɗanda suka fara isa da ruwa da abinci, asibitocinsu suka cika da masu rauni.

Na tambaye shi, to me ya kawo ƙiyayya? Ya ce, "Malam, 'yan siyasa."

Juma'a, 24 ga Janairu

Na kai baƙi masallacin ƙofar fadar Shehu. Algaita na tashi, dogarai na buɗe hanya, tsohon Kusuri ya ɗaga hannu yana jinjina kamar kowane Babarbare. A wurinsa wannan fadar kakanninsa ce. Kuma da hujjarsa: Shehu Laminu, wanda zuriyarsa ke kan gadon nan, mahaifinsa mutumin Kanem ne, ƙasar da ke cikin Chadi a yau, shi kuma a Fezzan aka haife shi, cikin Libiya ta yanzu. Sarakunan Saifawa da suka gabace shi daga Njimi ta Kanem suka taso kafin su gina Birnin Gazargamu. Duk mai neman ya tace Borno ya fitar da jinin Chadi, to daga fada zai fara.

Yau shekara 45 cif da aka gwada yin hakan ga mutum ɗaya. Ranar 24 ga Janairu, 1980, jami'ai suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a garin nan, suka kai shi iyaka suka tsallakar da shi Chadi. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, jigo a jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, wadda ke mulkin jihar ƙarƙashin Gwamna Muhammad Goni. Gwamnatin tarayya ta NPN ta ce ba ɗan Nijeriya ba ne, mahaifinsa daga Chadi ya fito. Mutum ne mai baki, mai jama'a, kuma kowa a Yerwa ya san abin da ya sa aka tuna da asalin mahaifinsa a daidai wannan lokaci. Aka je babbar kotu a Maiduguri. Mahaifiyarsa tana raye a garin nan, kuma tsarin mulkin 1979 ya ce wanda aka haifa a ƙasar kafin 'yanci, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta Nijeriya, to ɗan ƙasa ne. Kotu ta soke korar, ta ce a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba. Shugaba ya dawo gidansa, ya rayu a cikinmu har rasuwarsa a 2010.

A majalisar bayan Juma'a dattawa suka tuna ranar. Ɗaya ya ce da an bar abin ya wuce, da rabin manyan Borno sun kwana da fargaba, don wa ke da kakanni huɗu duk a cikin layin da Bature ya ja? Wani ya tuna 1983, lokacin da aka ba baƙi marasa takarda wa'adin makonni su bar ƙasa. Sunan Ghana aka fi riƙewa, amma 'yan Nijar da 'yan Chadi masu yawa sun fita ta hanyoyin nan namu da tabarmi a ka.

A tsibirin Hisfaniyola abin ya wuce nan da nisa. A Oktoban 1937 shugaban Dominikan, Rafael Trujillo, ya sa sojoji suka karkashe 'yan Haiti da ke zaune a yankin iyaka, akasari da adduna, mutum sama da dubu goma bisa ƙiyasin masana tarihi da dama. Da yawansu a can aka haife su, sun yi auratayya, suna noma gona ɗaya da maƙwabtansu. Cikin waɗanda suka tsere akwai iyayen wani jariri da aka bari a baya, wasu manoma 'yan Dominikan suka rene shi. Shi ne José Francisco Peña Gómez, wanda ya zama magajin garin Santo Domingo a 1982, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1990 da 1994 da 1996, kuma kowane karo abokan hamayya suka yi masa gorin asali da baƙar fata. Sannan a Satumban 2013 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukuncin da ya cire 'yancin zama ɗan ƙasa daga waɗanda iyayensu ba su da takarda, har aka koma baya zuwa 1929. An ƙiyasta abin ya shafi mutum wajen 200,000, waɗanda yawancinsu ba su san wata ƙasa ba. Tun 2022 kuma ake gina katanga a iyakar.

Kotunmu ta tsaya wa Shugaba, tasu ta juya wa 'ya'yanta baya. Nan ne bambancin yake. Cin abinci iri ɗaya da kaɗa ganga iri ɗaya bai hana adda ba a 1937. Kamanni ba ya tsare kowa in babu doka mai adalci da mutanen da za su tsaya mata.

Da dare aka yi wushe-wushe. Ganga kura na tashi, ango ya shigo da abokansa, mata na rausaya cikin lafaya a hankali, kafaɗa na motsi ƙafa na jan ƙasa. Na ga yayar uban ango ta Njamena da gwaggon Diffa sun shiga fili tare, takunsu ɗaya, ko da yake jiya suka fara ganin juna.

Asabar, 25 ga Janairu

Ƙarfe goma aka ɗaura aure a ƙofar gida. Wakilin ango, tsohon Kusuri, ya nema, waliyyin amarya ya bayar, aka ambaci sadaki da tsabar zinari kamar yadda Barebari suka saba, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino da alawa. Babu inda aka tsaya a yi wa wani bayani. Mazhabar Malikiyya ce a nan, ita ce a can.

Alaramman da ya yi addu'a mutumin Mao ne ta Kanem. Yana yaro aka kawo shi tsangaya a Yerwa, a nan ya haddace, a nan ya rubuta Alƙur'ani da ka, da irin rubutun nan mai kauri na Barno, a ruwayar Warshu. Ya ce almajiran da suka zauna gindin wuta ɗaya da shi akwai na Kano, na Damagaram, na Marwa, na Abeshe. Mu Hausawa mun san wannan, tun kakanni in an ce yaro ya tafi gabas, Borno ake nufi. Alhazan ƙafa ma ta nan suka bi: Kano, Yerwa, Fort Lamy, Abeshe, Sudan, har bakin Bahar Maliya. Waɗanda guzuri ya ƙare musu suka zauna a hanya, shi ya sa akwai unguwannin Hausawa a Njamena da garuruwan Sudan har gobe.

Bayan an watse na zauna da samarin. A nan ne iyaka ta fi fitowa. Ɗan Njamena yana karatun lauya da Faransanci, bai san Turancin Ingilishi ba, abokan ango ba su san Faransanci ba, sai Hausa da Larabcin Shuwa suka haɗa su. Makarantarsu daban, kotunsu daban, kuɗinsu daban, labaran da suke ji a rediyo daban. Tsofaffi sun san dangi gari-gari, samarin kuwa sai an nuna musu. Shekara ɗari da ɗoriya na mulki daban ba wasa ba ne, kuma kowace tsara tana ƙara nisa kaɗan. In aka daina zuwa biki da jana'iza, tsara biyu sun isa su mayar da ɗan'uwa bare. Zumunci a ƙafa yake.

Ɗan gwaggon Diffa ya tambaye ni ko gaskiya ne daga Laraba mai zuwa, 29 ga wata, ranar da ficewar Nijar daga ECOWAS za ta tabbata, sai sun nemi biza kafin su zo. Ya tuna yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na bara, tattasai ya yi kwantai a can, kaya suka yi tsada a nan, marasa lafiya suka rasa hanyar asibitin Maiduguri. Na ce masa gwamnatocin nan sun taɓa nuna sun san hanya. Su huɗun suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964. Rikicin Darak da ƙauyukan tafki tsakaninmu da Kamaru a kotun duniya aka yanke shi a 2002, Nijeriya ta janye a 2003 ba tare da yaƙi ba. Abin da aka iya jiya ana iya shi yau.

Lahadi, 26 ga Janairu

An kai amarya daren jiya. Da sassafe na raka baƙi tasha, kowa da ƙullin kayan biki. Gwaggon Diffa ta tafi da ɗinkin da telan nan ya kwana yana yi mata, ya ƙi karɓar ko kwabo. Tsohon Kusuri ya riƙe hannuna ya ce in Allah ya kawo rabo, a wurinsu za a yi taron suna, kuma ɗakina yana nan.

Ga abin da na fahimta a makon nan. Iyaka gaskiya ce, kuma tsaro haƙƙi ne. Wanda ya ga abin da Borno ta gani tun 2009 ba zai ce a bar hanya ba bincike ba, domin makamai ma ta waɗannan hanyoyi suka bi. A binciki kaya, a duba kati, a kama mai laifi da laifinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da sunan ƙasar maƙwabci zagi, ko a ɗora wa baƙo laifin tsadar da ba shi ya jawo ba, ko a tono asalin kakan mutum ranar da ya zama abokin hamayya. Ta wannan ƙofa aka shiga a Hisfaniyola, kuma mutanen can ba su fi mu mugunta ba, ba mu fi su kama da juna ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kirana ga malaman makaranta 'yan'uwana: mu koya wa yara 1893 da 1900 da 1961, su san yadda aka ja layin nan da wanda ya ja shi, mu kuma koya musu shari'ar Shugaba. Ga limamai, haƙƙin maƙwabci ya shafi na Fotokol da na Diffa, a faɗe shi a kan mumbari. Ga masu tsaron hanya, tsoho mai zuwa ɗaurin aure ba abin tatsa ba ne. Ga gwamnatoci, duk saɓanin da zai taso tsakanin manyan birane, kada a rufe wa talakan bakin iyaka hanyar kasuwa da asibiti da zumunci.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, idan ka ji wani a keke ko a majalisa yana cewa a kori 'yan Chadi ko 'yan Nijar ko 'yan Kamaru, kada ka yi shiru. Ka tuna masa cikin lalama cewa mutanen nan sun buɗe mana ƙofa ranar da muka zo musu ba takalmi, kuma bashi ne a kanmu. Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya, ya zaunar da Borno da maƙwabtanta lafiya.